Kakar Aro

Kwanakin baya jikana ya zo mini hutu da wata waya mai koyar da Turanci. Yana kwance a kan tabarmata, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ya danna, wata mata marar fuska ta faɗi kalma, ya maimaita, wayar ta yi ƙara kamar an taɓa ƙaramin kuge, wai ya ci. Kafin in idar da alwala ya ce ya koyi kalmomin da suka fi yatsunsa yawa. Na tambaye shi wacce ya ɗauka a ka, wacce ta cije shi, wacce ta tsinke igiya ya bi ta da gudu. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa tsoho idan an fara zargin ya rikice. Ban ji haushi ba. Na zaga duniya gwargwadon hali, kuma na ci abinci da harsuna da dama. Dandanci, harshen maƙwabtanmu na bakin iyaka, da Fillanci tun ina yawo ba wando na same su, Faransanci a Kwatano da Yamai, Yarabancin tasha a Ikko, Larabci a hanyar Makka, kowanne da ƙofar da ya bi ya shiga kaina. Turanci ne kaɗai na koya da wuya da kafaɗa, domin a makarantarmu ɗaukarsa ake yi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bagudo, bayan Kaoje, inda idan akuyarka ta yi nisan kiwo sai ka je Dahome ka koro ta. A lokacin ba a ce Benin ba tukuna. Makarantar ɗaki biyu ce ta laka da rufin ciyawa, ƙararrawarta wani guntun ƙarfen mota da aka rataye a tsamiya. Har yanzu idan na ji an buga ƙarfe da safe sai in ji ƙamshin kunun da ban gama sha ba. Malaminmu baƙo ne daga gabas, dogo, siriri, mai jar dara. Muna ce masa Malam Dogo. Hausarsa ma sai mun kasa kunne, don inda mu ke cewa "mi kac ce" shi sai ya ce "me ka ce", mu kuwa mu ɗauka wani yanki ne na Turancin.

Malam Dogo yana da aƙida guda wadda ban sake gani a wurin wani malami ba, a ƙasar Ingilishi ko ta Faransa. Ya ce kalma ba ta zama taka sai ka ɗora hannu a kan abinta. Saboda haka duk ranar Alhamis yakan rubuta sababbin kalmomi a guntayen takarda, ya zuba a dararsa, kowa ya sa hannu ya zaro. Abin da ka zaro, shi za ka kawo ran Litinin, ka tsaya gaban aji, ka dafa shi, ka faɗi sunansa da ƙarfi, aji ya amsa. Wanda ya zaro nidil ya huta, allurar uwarsa kawai zai soka a hula. Wanda ya zaro mota, wato turmi a bakin Bature, sai ka hango shi tun daga bakin rijiya yana gangaro da shi, uwarsa na biye tana zagi da taɓarya a hannu. Litinin da safe hanyar makarantarmu kamar gari ya tashi gudun hijira: wannan da tsani, wancan da kaza a hammata, wani da ƙofar ɗakinsu ɗungurungum. Wani ɗan Sarkawa masunta ya zaro kurokodayil, muka ce yau Malam zai ji kunya, sai ga shi da ɗan kada a cikin tulu, an ɗaure masa baki da zare. Ranar Malam daga kan tebur ya koyar. Da muka zo kan riba, wato kogi, da ƙafa muka taka har bakin Kwara, kowa ya tsoma hannu. Kalma ɗaya ce tak na ga Malam ya rubuta a allo bai sa a dara ba, ita ce indifenda, wato 'yancin kai, wadda ake ta faɗa a rediyon hakimi a shekarar. Muka tambaye shi wa zai kawo ta. Ya ce wannan gwamnati ce ta zaro ta, mu zuba ido.

Da yake jinin kasuwa ne a jikinmu, ba a daɗe ba muka buɗe wa kalmomi kasuwa a gindin tsamiya. Mai tsani ya nemi mai cokali su yi musaya, ya cika masa da gyaɗa soyayya. Mai kaza ya ƙi sayarwa sai an haɗa masa da goruba. Ni ne dillali. Kafin in haɗa ciniki dole in san kalmar wannan da ta wancan, in san nauyin kowacce, in kuma iya yabon haja. Ta haka kalmomin aji duka suka bi ta hannuna ba da niyyar karatu ba. 'Ya'yan yanzu suna da kalma a aljihu kyauta, shi ya sa ba su san wadda ta fi wata tsada ba.

Dillancin nan a wurin kakata na gada. Ita ta rene ni, kuma a gidanmu idan ta yi magana mahaifina ma sai ya duƙar da kai. Sana'arta bandar kifi. Takan saya a hannun Sarkawa, ta kyafe shi a bayan gida, ta ɗaure a kwanduna, ta ratsa daji zuwa kasuwannin Dahome. Gajeruwa ce, baƙa, idanunta kullum ja saboda hayaƙi, muryarta kuwa tana tsallaka katanga uku. Tana ciniki da Dandanci, ta yi zagi da Fillanci, ta yi wa 'yan duwan, wato kwastan na can, ƙarya da Faransanci. Ni ne mai ɗaukar mata ƙaramin kwando, har ranar da dogarin hakimi ya zo ya nuna ni da sanda, aka sa ni boko. Tun daga ranar ta ƙulla gaba da makaranta. Ko hanyar ba ta bi, sai ta zagaya ta bayan makabarta. Malam Dogo bai taɓa ganin fuskarta ba. Idan na dawo takan ce, "Maigida, an taso daga zaman banza? Mi anka koya maka yau, sunan akuya? Ita akuyar ta san an sake mata suna?" Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata amarya, in ce na kusa sakinta don ta cika warin hayaƙi.

To, ana gab da bikin karɓar mulki sai Malam ya shigo da labari. Mai duba makarantu zai zo, kuma wannan karon ɗan ƙasa ne, ba Bature ba. A gaban hakimi da mutanen gari za mu nuna kalmominmu, daga nan ya zaɓi yaran da za su wuce babbar firamare a Birnin Kebbi. Wanda ba a zaɓa ba, karatunsa ya ƙare ke nan. Ni kuwa ina son tafiyar nan kamar raina. Na taɓa ganin wani yaron Kaoje da ya dawo daga can da takalmi da akwatin ƙarfe, tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. Malam ya ce wannan zarowar babu musaya, wanda aka kama a gindin tsamiya ya fita daga layi. Abokina Manu, ɗan Fulanin rugar bayan gari, ya sa hannu ya zaro kau, wato saniya, ya yi ta tsalle. Na sa nawa hannun na zaro wata doguwar kalma. Malam ya karanta: giranmada.

"Ka yi sa'a," in ji shi. "Kaka ke nan. Kalmar da za ta kawo kanta da ƙafarta."

Ajin ya fashe da dariya, Malam ya ɗauka murna suke taya ni.

Na sami kakata a bakin banda tana juya kifi da sandarta. Na ɗebo mata ruwa ba ta aike ni ba. Na gyara mata itace. Ta dube ni ta gefen ido.

"Maigida, mi ka ɓata?"

"Ban ɓata komi ba, amarya. Biki za a yi a makaranta, an ce kowa ya zo da abin da ya fi so."

"Kai ƙarya ko kunya. Hwaɗi gaskiya."

Na faɗa mata. Ta ajiye sandar, ta riƙe ƙugu.

"Wato ni za a jera da turmi da kaza? A dahwa ni a kira sunana da harshen da ko kihi ɗaya bai taɓa saida mani ba? Harshe a kasuwa aka koyo nai, yaro, ba bisa benci ba. Sun ɗauke mani mai ɗaukar kwando, yanzu kuma ni suka so? Ka ce ma dogon nan naku kakarka ta mutu."

"In ban kai ki ba, ba za a zaɓe ni Birnin Kebbi ba."

"Madalla. Kwandonka na nan inda ka bar shi."

Na roƙi mahaifina ya sa baki, ya ce shi yana da sauran kwana a duniya da yake so ya ci cikin lafiya.

Manu ne ya kawo dabara muna zaune a kan dutse yana cire wa saniyarsa kaska. Ya ce, "Kai Kaɗo, kanka na kifi ne? Mai tsani nasa ne? Aro ya yi. Mai tulu aro ya yi. Malam bai san kakarka ba, baƙon bai san ta ba. Tsofaffi sun ƙare a garinku?" Na ga maganarsa da hanya. Sai dai duk tsohuwar da na tunkara, da ta ji jikan wa ne ni, sai ta ce ƙafarta na ciwo. Mutum ɗaya ce a garin ba ta tsoron kakata, ita ce Ige, wadda rumfarta ta kifi ke kallon ta kakata a kasuwa. Tun suna 'yan mata suke faɗa a kan masu saye, kowacce na cewa kifin ɗayar da tsutsa ake auna shi. Na je na faɗa mata buƙatata. Ta sa na maimaita, sannan ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane.

"Ni za ka kira kakarka? Gaban hakimi? Ɗana, ko ba ka yi mani itacen banda ba na zo. Amma ka yi itacen."

Na roƙe ta ta rufa mini asiri. Ta ce ko ƙuda ba zai ji ba. Washegari ta aiko a tambayi maƙwabciyarmu aron tsakiyar ado ta wuya, wai za ta je bikin jikanta na boko.

Ranar ta zo. An share filin makaranta, an kafa gora da sabuwar tuta kore da fari, an ba mu ƙanana na takarda. Hakimi na zaune a inuwa, kusa da shi mai duba makarantu, wani kakkauran mutum mai tabarau da farar riga. Gari duka ya kewaye mu. Muka yi layi kowa da kalmarsa: turmi, tsani, kaza, tulun ɗan kada, saniyar Manu tana cin tutar yaron da ke gabanta. A ƙarshen layi ga ni, ga Ige a kan kujera 'yar tsugunne, ta sha kwalli da lalle da zanen saƙi, tana gaisawa da jama'a da kai kamar uwar ango. Mutanen gari suna ta toshe baki. Malam Dogo ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ashe jikanta da ita yake kama. Ta ce kowa haka yake faɗa.

Aka bi layi, kowa ya dafa abinsa ya faɗa. Aka zo kaina. Na ja numfashi, na ɗaga hannu zan sauke a kafaɗar Ige.

"In ka dahwa ta, hannun nan ba shi ƙara ɗaukar loma!"

Jama'a ta dare biyu. Ga kakata ta taho daga bakin banda yadda take, zane duk toka, kwando a ka, sandar juya kifi a hannu, hayaƙi kamar yana bin ta. Matar da ke zagayawa ta makabarta don kada ta ga rufin makaranta, yau ga ta a tsakiyar filinta. Ko hakimi ba ta kalla ba. Ta kama kunnena ta murɗa, ta juya kan Ige.

"Ke, tashi. Wa ya yi goyon wanga yaro? Wa ya tauna mashi kihi tun ba shi da haƙori?"

"Ai cewa anka yi kin mutu," in ji Ige, ko motsi ba ta yi ba.

"Na taso! Kin kwashe mani masu saye bai ishe ki ba, sai kin haɗa da jika? Dubi kwallinta, kamar mujiya ta sha kashi."

"Aƙalla ni an iya nuna ni ga baƙi."

Saniyar Manu ta firgita ta ture tsani, tsani ya faɗa kan tulu, ɗan kada ya fito yana neman hanyar Kwara, layi ya watse. Malam Dogo ya cire dara yana share zufa, yana duban wannan tsohuwa yana duban waccan. Ni dai na riga na ga Birnin Kebbi tana nisa, na ga kwandona yana jirana.

Mai duba makarantu ya taso a hankali. Na lura kafaɗunsa na rawa don dariya, amma fuskarsa a ɗaure. Ya tsaya gabana ya tambaye ni da Turanci wacce ce tawa a ciki. Kunnena na hannunta, don haka ban sha wahalar miƙa hannu ba. Na dafa kafaɗarta mai toka, na ce da iyakar muryata, "Dis is mai giranmada!" Yaran da suka rage a fili suka amsa kamar yadda aka saba, "Giranmada!" Ya nuna Ige. Wannan ba a koya mana ba, amma tsoro ya buɗe mini kai, na ce, "Dis is not mai giranmada." Ya nuna kwandon kakata, na ce baskit. Ya nuna abin da ke ciki, na ce fish. Ya nuna sandar, da wuƙar da ke soke a ƙugunta, da zoben azurfarta, da tokar zanenta, duk na faɗa, domin babu wadda ban taɓa yin dillancinta a gindin tsamiya ba. Sai da ya ƙare mata kaf kamar ɗan kwastan.

Kakata ta sassauta riƙon kunnen. Ta dubi mutumin sama da ƙasa.

"Kai mai gilashi, mi yac ce da ni?"

"Kaka ya ce, Inna. Cewa ya yi ke ce kakarsa, waccan ba ita ba ce."

"Da Turancin ya hwaɗi haka? Gaban kowa?"

"Gaban kowa."

"Sake hwaɗi in ji." Na sake. Ta juya kalmar a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Hm. Na Faransa garammer suka cewa, ya hi shi daɗin hwaɗi. Amma wanga ya hi nauyi."

Mutumin ya ce shi dai ya ga yaron da zai tafi Birnin Kebbi, in mutanen gidansa sun yarda. Ido ya koma kan kakata, don kowa ya san wace ce mutanen gidan. Kakata ta buɗe baki, na ga "a'a" tana tahowa tun daga maƙogwaronta. Sai Ige ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"Ranka shi daɗe, kada ka wahal da kanka. Ba ta bari, jakinta ne na ɗaukar kaya. In ni ce dai, da na yarda. Ai ni anka hwara kawowa."

"Ke wa?" in ji kakata. "Ke wa da za ki yarda da jikan wata? Rubuta shi, mai gilashi! Shi tahi! In akwai wadda ta hi Birnin Kebbi nisa, ita ma shi tahi!"

Mutumin ya rubuta da sauri kafin ta huce. Ta huce kuwa tun kafin mu kai gida, ta yi kwanaki ba ta ce mini maigida ba, amma maganar da ta faɗa gaban hakimi da Ige ba ta janyuwa. Itacen Ige ma sai da na yi shi, kakata da kanta ta tsaya a kaina, ta ce ba za a ce jikanta ya ci alkawari ba, amma ta zaɓo mini ɗanye mai hayaƙi.

Ranar tafiya ta raka ni har bakin jirgin fito. Ba ta yi kuka ba, ta ce hayaƙi ne. Ta ɗora mini ƙaramin kwandon nan nawa a ka, cike da kifi, ta ce in je in kwaso kalmomin duka tunda abin da na zaɓa ke nan, amma kada in sake ta ji an ce na ari wata. Daga baya masu zuwa kasuwa suka riƙa ba ni labari cewa idan 'yan duwan na Dahome suka tare ta, takan buga ƙirji ta ce su yi a hankali, ita giranmada ce, an rubuta a Nijeriya.

Makarantar laka ta rushe tuntuni, an yi ta siminti, tsamiyar ma an sare. Na koyi dubban kalmomi bayan wannan, yawancinsu ban taɓa dafa abinsu ba, wasu ma na yi shekaru ina faɗarsu a ofis ban tabbata suna da abu ba. Indifenda kuwa har yau idan na haɗu da Manu, ya tsufa ya rankwafa, yakan tambaye ni ko an kawo ta.

Da na gama ba jikana labarin, sai ya danna wayarsa ya nemo kalmar. Ya nuno mini hoton wata farar tsohuwa mai tabarau, zaune a kujera mai lilo tana saƙa, tana murmushi. Matar nan marar fuska ta faɗi kalmar a hankali, da taushi.

Na ce masa wannan ta aro ce. Na ce ya matso da kunnensa in nuna masa ta gaske.